Yadda Ake Zaɓen Kujerar da Za Ta Nuna Maka Gari Daga Jirgin Sama

Yawancin masu hawa jirgin sama idan sun ce a ba su kujerar taga, a nan maganar take tsayawa. Sai an fara sauka mutum ya ga fasinjojin ɗaya gefen sun manna goshi a gilashi suna nuna wa juna Dutsen Zuma, shi kuwa ba abin da ke gabansa sai fuffuke da daji. Taga biyu ce a kowane layi, kuma ba abu ɗaya suke nunawa ba. Wadda za ta fuskanci gari ana iya gane ta tun kana gida, domin jirgi ba ya shiga filinsa ta inda ya ga dama. Titin da zai sauka a kai miƙaƙƙe ne, baki biyu gare shi, iska ce kuma take zaɓar bakin da za a shiga. Wanda ya san wannan ya gama rabin aikin.

Fara da sanin hagu da dama

Hagun jirgi da damansa ana lissafa su ne kana zaune kana fuskantar hancinsa. Kujerar A kullum tana jikin tagar hagu. A jiragen da suka fi zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja da Legas, irin Boeing 737 da Airbus A320 masu kujera uku a kowane gefe, tagar dama ita ce F. A manyan jirage masu hanyar wucewa biyu, waɗanda ke zuwa Jidda ko Dubai, tagar dama galibi K ce, wasu kamfanonin kuma J ko L suke sa mata. Ƙaramin jirgin nan Embraer 145 kujera ɗaya ce tilo a hagunsa, biyu a dama, saboda haka mai A ya samu taga, kuma babu wanda zai tsallake idan zai tashi.

Abin da ke rikita mutane shi ne lokacin shiga. Ta ƙofar gaba ake shiga, kana tafiya kana fuskantar wutsiya, don haka A za ta faɗo a hannunka na dama. Kada wannan ya ruɗe ka, da ka juya ka zauna komai zai koma daidai.

Karanta lambar titin jirgi

Buɗe taswirar Google a waya, ka mayar da ita hoton tauraron ɗan'adam, ka nemo filin jirgin da za ka sauka. Matso da hoton har bakin titin. Za ka ga manyan lambobi biyu da farin fenti. A Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano babban titin yana ɗauke da 06 a baki ɗaya, 24 a ɗayan. Ƙara sifiri a bayan lambar, sai ta ba ka alƙiblar da jirgi yake fuskanta a kan kamfas: 06 na nufin digiri 60, wato gabas da ɗan karkata arewa, 24 kuma digiri 240, yamma da ɗan karkata kudu. Arewa 36 ce, gabas 09, kudu 18, yamma 27. Inda aka jera titi biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa sai a ƙara musu harafi, L ko C ko R, amma alƙiblarsu ɗaya, ba ruwanka da harafin.

Yanzu ja layi a zuciyarka daga bakin titin zuwa baya, kamar kilomita 15 zuwa 20. A kan wannan layin jirgi zai miƙe kafin ya taɓa ƙasa. Yana gangarowa ne a hankali, a kusurwar digiri 3, ma'ana idan saura kilomita 10 ya isa titi tsayinsa daga ƙasa bai fi mita 500 da 'yan kai ba. A wannan tsayin ana rarrabe masallaci da makaranta, ana ganin motoci a shataletale. Duk abin da ke gefen layin nan shi ne rabonka, kuma shi ya sa nake ba da shawara ka zaɓi gefe da lissafin sauka, ba na tashi ba. Wajen tashi jirgi ɗaga hanci yake yi ya haye da sauri, cikin 'yan mintoci gari ya koma baya. Wajen sauka kuwa yana daɗewa a ƙasa-ƙasa, gudunsa ya ragu, ido ya samu damar tsayawa a kan abu.

Tambayi iska

Jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, domin hakan yana rage masa tsawon titin da yake buƙata. A ƙasarmu lissafin yana da sauƙi tunda iska biyu ce ke mulkin shekara. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, tana busowa daga arewa maso gabas. Da damina tana zuwa daga kudu maso yamma, daga teku. A Kano ke nan 06 ta fi aiki da rani, 24 da damina.

Idan kana son tabbaci, ana gobe tafiya duba manhajar Windy ko wata irinta ka ga inda iska za ta taso a sa'ar da za ku sauka. Akwai kuma rahoton yanayi na matuƙa da ake kira METAR, kowa na iya karanta shi a intanet. Rubuta METAR tare da lambar filin: DNKN ta Kano, DNAA ta Abuja, DNMM ta Legas, OEJN ta Jidda, OEMA ta Madina. A cikin rubutun nemi wani abu mai kama da 05012KT. Lambobi uku na farko su ne inda iskar take fitowa, digiri 50 ke nan, biyun da suka biyo baya ƙarfinta ne. Titin da lambarsa ta fi kusa da 05 shi za a yi amfani da shi, a babban titin Kano 06 ke nan. Idan iskar ba ta da ƙarfi, masu kula da zirga-zirgar jirage sukan bar filin a kan bakin da suka saba, wanda ke da na'urorin saukar da jirgi, don haka a irin wannan ranar al'adar filin ta fi rahoton iska muhimmanci.

Al'adar filin kuwa manhajar Flightradar24, mai bin diddigin tafiyar jirage, ke nuna ta. Sa lambar jirginka, wadda ke jikin tikiti, ka kalli hanyar da ya bi a 'yan kwanakin da suka wuce. Za ka ga layin tafiyarsa a kan taswira, inda ya karkata, gefen da ya bar gari, da bakin titin da ya shiga. Idan kwana uku ko huɗu a jere hanya ɗaya ya bi, ka samu amsarka. A nan ma za ka ga samfurin jirgin da kamfanin ya saba sawa a wannan tafiya, abin da za ka buƙata wajen zaɓen layi.

Gari da gari

Kano. Filin jirgin yana arewa da birni. Idan ta 06 za a sauka, jirgi zai shigo daga yamma, ya biyo ta wajen Kurna da Rijiyar Lemo, birni yana hannun dama. F ke nan. Abu na farko da ido ke kamawa tsaunuka biyu ne da suka ɗago daga cikin cunkoson gidaje, Goron Dutse sannan Dala. Daga su sai ka laluba: koriyar ƙubbar Babban Masallacin Juma'a, faɗin Gidan Rumfa a kusa da shi, rufin Kasuwar Kurmi a cushe, da kududdufai suna walƙiya a tsakanin unguwanni. Daga sama ne mutum yake gane bambancin cikin birni da waje, lungunan ciki a murɗe suke kamar jijiyoyin ganye, titunan Sabon Gari kuwa a miƙe suke layi-layi. Idan ta 24 za a sauka, al'amarin ya juya, gari yana hagu, Bompai da Sabon Gari ne a kusa, Dala tana can gaba. Mai tashi ta 24 shi ma hagu zai nema, zai wuce birni yana ƙasa-ƙasa. Ga wanda ya taso daga Abuja akwai ƙarin riba kafin a iso: Madatsar Ruwa ta Tiga da korayen gonakin noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda sau da yawa a dama suke faɗowa.

Abuja. A nan sai ka zaɓi ɗaya cikin biyu, domin filin Nnamdi Azikiwe yana tsakanin abubuwan kallo. Titinsa 04 da 22 ne, kuma 22 aka fi sauka a kai. Jirgi yana shigowa daga arewa maso gabas, ta saman wajen Madatsar Usuma da Kubwa. A dama Dutsen Zuma ne, wanda ke jikin takardar naira 100, tsaye shi kaɗai a filin Madalla. A hagu birnin ne daga nesa, da Dutsen Aso a bayansa, da tafkin Jabi, da ƙubbar zinariya ta Masallacin Ƙasa idan sararin ya washe. Ni dai Zuma nake zaɓa, domin ya fi kusa kuma hazo kaɗan ba ya ɓoye shi, birnin kuwa yana buƙatar rana mai haske sosai. Lokaci ma yana raba gardama. Da safe rana tana bayan mai kallon Zuma, tana haska masa dutsen. Da yamma mai kallon birni ne ke da wannan gatan. Idan aka tashi ta 04, Zuma yana hagu, birni yana dama.

Legas. Titunan Filin Murtala Muhammed da ke Ikeja daga arewa zuwa kudu suke kwance, 18 da 36, kuma saboda iskar teku kusan kullum 18 ke aiki. Wajen sauka jirgi yana zuwa daga arewa, ya ratsa saman Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango. Rufin kwano ne iyakar ganinka ta ko'ina, gefen hagu ya ɗan fi saboda ana hango ruwan lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, daga nesa. Legas tana cikin garuruwan da tashi ya fi sauka daɗin kallo. Jirgi zai fuskanci kudu, mai kujerar A ya ga lagun a shimfiɗe, da Gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 wadda aka kammala a 1990, da dogayen benayen tsibirin Legas da Victoria, da jiragen ruwa suna jiran shiga tashar Apapa. Idan jirgin ya karkata hagu don ya kama hanyar Arewa, fuffuken hagu zai yi ƙasa, tagarka ta koma tana kallon ruwan kai tsaye.

Jidda da Madina. Filin Sarki Abdul'aziz yana arewacin Jidda, titunansa uku 16 da 34 ne. Iskar garin ta fi zuwa daga arewa maso yamma, don haka 34 aka fi sauka a kai, jirgi ya biyo saman gari daga kudu. Hagu za ka nema: Bahar Maliya, bakin gaɓa, tashar jiragen ruwa, da maɓulɓular Sarki Fahad da ke harba ruwa sama daga cikin teku, idan ka dace tana kunne. Bayan an sauka, a cikin filin, ka duba farin rufin tashar alhazai mai siffar tantuna, wadda aka buɗe a 1981. A Madina filin yana arewa maso gabas da Harami. Idan jirgi ya shigo daga kudu yana fuskantar arewa, wato 35 ko 36, Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hagu, Dutsen Uhudu ma haka. Da dare ba sai an nuna maka ba, farin haskensa da hasumiyoyinsa sun bambanta da duk fitilun garin. Idan daga arewa aka shigo, yana can gaba ta dama, ba ya fitowa sosai.

Yamai. Titin filin Diori Hamani daga yamma zuwa gabas yake. Da iskar hunturu ana shigowa daga yamma, a tsallako Kogin Kwara, tsakiyar gari da Gadar Kennedy suna hagu.

Sai layi

Gefe mai kyau a kan fuffuke asara ce. A Boeing 737 da A320 fuffuke yana tare ƙasa daga wajen layi na 10 zuwa na 20 da ɗan wani abu, gwargwadon yadda kamfani ya jera kujerunsa. Gaba da shi ya fi ko'ina: ba abin da ya tare ka, ƙarar inji kaɗan ce, girgiza ma da sauƙi. Sai dai kujerun gaba su ake fara kamawa, wasu kamfanonin kuma kuɗi suke ɗora musu. Idan ba ka samu ba, tsallake fuffuken gaba ɗaya ka koma layuka biyar ko shida na ƙarshe. Fuffuke baya yake karkata, saboda haka layi biyu ko uku da ke bayansa kai tsaye har yanzu shi suke kallo. A can baya akwai abu ɗaya da za ka haƙura da shi: zazzafar iskar da ke fita daga inji tana sa wani yanki na abin da kake kallo ya riƙa rawa, a hoto ya fito dishi-dishi. Ido bai cika damuwa da shi ba.

Akwai tarko guda. A yawancin Boeing 737 akwai layi ɗaya a gefen hagu, gaba kaɗan da fuffuke, da ba shi da taga sam, bango ne kawai, saboda bututun iskar sanyaya ɗaki ya bi ta wurin. Taswirar kujeru ta kamfani ba lallai ta nuna maka ba. Shafin aeroLOPA yana zana inda kowace taga take a jiragen kamfanoni da yawa. Idan naka ba ya ciki, kauce wa layi na 9 zuwa na 12 a hagu, ko ka tambaya a kantar kamfanin a filin jirgi.

Jirage masu farfela irin ATR 72 da Dash 8 fuffukensu a sama yake, ba ya tare ƙasa, kuma ba sa hayewa can ƙololuwa kamar sauran. Ga mai son kallo babu kamarsu, tun daga tashi har sauka ana bin koguna da garuruwa da ido. Ka dai guji layukan da ke daidai inji.

Rana da hazo

Daga Legas zuwa Kano da safe rana tana dama, da yamma tana hagu. Daga Kano zuwa Legas akasin haka. Idan gefen gari ya zo ɗaya da gefen rana, kada ka sauya gefe, sauya lokacin tafiya in da hali. Misali tagar dama wajen sauka Kano ta 06 kudu maso gabas take kallo, da safiyar hunturu rana za ta dalle maka ido, amma bayan la'asar tana bayanka, Dala da jar ƙasar birni su fito tangaram.

Hazo kuwa ba shi da magani. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da har jirage ake dakatarwa saboda shi, a irinsu kada ka kashe ko kwabo don kujerar taga. Lokacin da ya fi kyau shi ne safiyar da ta biyo bayan ruwan dare, da kuma ƙarshen damina zuwa farkon kaka, Satumba da Oktoba, ƙura ta kwanta, ƙasa kore shar, madatsun ruwa a cike. Tafiyar dare ma tana da nata, musamman a Legas da Jidda, amma duwatsu da koguna sun ɓace, fitilu kawai za ka gani.

Kama kujerar

Idan kamfanin yana barin a zaɓi kujera wajen sayen tikiti, zaɓa a lokacin bisa lissafin iskar wannan watan. Sannan ka sake dubawa idan an buɗe karɓar katin shiga jirgi ta intanet, wanda yawanci sa'o'i 24 ne ko 48 kafin tashi. A lokacin hasashen iska ya fi inganci, kuma sau da yawa ana sakin kujerun da aka riƙe. Duba ko an sauya samfurin jirgin, domin layi na 8 a wani jirgin gaban fuffuke ne, a wani kuma a kansa yake.

Idan sai a filin jirgi ake ba da kujera, je da wuri, kuma ka faɗi abin da kake so dalla-dalla. "Taga" kawai ba ta isa ba. Ka ce: "Hajiya, don Allah a duba mini tagar dama, gaba da fuffuke, in babu a kai ni can baya." Ma'aikaciyar tana ganin taswirar a gabanta, daƙiƙa kaɗan zai ɗauke ta. Karanta katin kafin ka bar kantar.

Ka yi wa kanka adalci kuma. Mai yawan zagayawa, ko wanda zai tashi alwala a doguwar tafiya irin ta Jidda, kujerar taga za ta sa ya riƙa tayar da mutum biyu. Idan kuna tafe da yaro, shi ya fi cancanta da ita, amma ba a layin ƙofar gaggawa ba, wannan na manya ne masu ƙarfin jiki.

A cikin jirgi

Yakan faru ka iso ka tarar da dattijo a kujerarka. Nuna masa katin cikin ladabi: "Baba, ina jin nan tawa ce, bari in duba muku taku." Idan magana ta ƙi ci, kira ma'aikacin jirgi, kada ka ja. Haka nan idan ka hango taga babu kowa a gefen da kake so, jira a rufe ƙofa sannan ka nemi izini. A ƙananan jirage zaman fasinjoji yana cikin lissafin daidaita nauyi, shi ya sa wani lokaci za a ce ka bari sai an tashi.

Wajen tashi da sauka ana buƙatar murfin taga a buɗe, wannan ya yi maka daidai. A Boeing 787 babu murfi, maɓalli ne ke duhunta gilashin, kuma ma'aikata suna iya duhunta shi daga wajensu a tsakiyar tafiya. Goge gilashin da hankici tun kafin a tashi, maiƙon goshin wanda ya riga ka zama yana nan. Ƙaramar hudar da ke ƙasan gilashin ba lahani ba ce, an yi ta ne don daidaita matsin iska tsakanin gilasan da hana su yin raɓa.

Saurari sanarwar matuƙi kafin a fara gangarowa, wani lokaci yakan ambaci yanayin garin da inda iska take. Idan ta juya aka sauya bakin titi, duk lissafin ya koma ɗaya gefen. A irin wannan ka zuba ido lokacin da jirgin ke zagayawa don ya daidaita da titi, yakan bi ta gefen gari ya karkata, ka samu minti ɗaya ko biyu na kallo.

Ga mai ɗaukar hoto, kashe filasha, ka matso da wayar dab da gilashi amma kada ta taɓa shi, girgizar jirgi za ta ɓata hoton. Da dare ka kare gefen wayar da tafin hannu ko hula don hasken cikin jirgi kada ya faɗo a gilashin. Filayen Kano da Abuja da Yamai duk suna maƙwabtaka da sansanonin sojan sama, don haka da tayoyi sun taɓa ƙasa ka sauke wayar, kada ka ɗauki jiragen soja ko gine-ginensu. Idan ma'aikacin jirgi ya ce a daina ɗauka, a daina.